Gona Biyu a Zane Ɗaya

Daga Hindatu, ƙauyen Gidan Bubayero, ƙasar Miga, zuwa ga Yaya Malam Idirisu, mai awon gonaki a Dutse.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, Yaya, jini ya zuba a gidana. Ran Talata da hantsi maigidana Gaji yana sharar gona, sai ga Mailafiya ƙanin dagaci da ƙarti uku. Ya buɗe wata takarda, ya ce, "Ga zanen da Nasara ya sa aka yi. Nuna min gonarka a ciki." Gaji ya ce, "Ban iya karatu ba, amma nan ubana ya yi noma." Suka rufe shi da duka. Da ya ɗaga hannu zai kare kansa, Mailafiya ya sare shi da gatari a kafaɗa, har ƙashi ya bayyana. Da mayafina na ɗaure raunin.

Na ga takardar. Kamarta ɗaya da wadda ka zana bara: ga rijiya, ga tsamiya, ga hanyar kasuwa. Amma gonarmu babu. Ka warware min. Wassalam, ƙanwarka.

*

Daga Idirisu zuwa ga Hindatu.

Aminci ya tabbata gare ki. Allah ya ba Gaji lafiya. Ki sani, kama da wane ba ta wane. Ki tuna abin da marigayi Baba ya koya mana kan juyar littafi, wato sake rubuta shi da hannu: rubutu ya yi manya ko ƙanana, tawada ta canza, duk wannan siffa ce, ba laifi. Abin da ba a taɓawa shi ne tsari: kowace kalma da 'yar'uwarta, kowace a mazauninta. Haka zanen gona. Kowace gona da gidanta ɗaya a takarda, kuma waɗanda suka haɗa iyaka a ƙasa su haɗa layi a zane. In an cusa gona biyu a gida ɗaya, zanen ya yi ƙarya komai kyansa. Amma ki yi haƙuri, kada ki ja da su. Na bar ki lafiya.

*

Yaya, gaisuwa.

Ban yi haƙurin ba. Na zaga gonakin da ke kewaye da rijiya, kowace na ɗauki tsakuwa ɗaya: bakwai. Na je ƙofar dagaci bayan azahar, na ce a buɗe takardar gaban jama'a. Na ɗora tsakuwa a kowane gida, ɗaya ta rage a hannuna. Na ce, "Wannan ta Gaji ce, ina za ta zauna?" Mailafiya ya kwaɗa min mari, haƙorina ya fita. Kafin in kai gida sun cinna wa rumbunmu wuta. Kafaɗar Gaji ta fara wari.

Amma na duba rubutun sosai. Allo ɗaya muka yi karatu, Yaya. Babu mai karkata wutsiyar harafi haka sai kai. Ka gaya min gaskiya, don Allah. Wassalam.

*

Hindatu 'yar'uwata,

Assalamu alaiki. Hannuna ne. Bayan na gama awo, Mailafiya da ƙartinsa suka tare ni a bayan duwatsu, suka ɗaure ni a jikin itace, suka yi ta tsula min bulala. Mailafiya ya ɗora yatsuna a kan dutse, ya ɗaga gatari, ya ce in sake zane ko in rabu da alƙalami har abada. Na zana. Na goge layin da ke tsakanin gonarku da ta Mailafiya, na yi shiru shekara guda.

Zanen farko yana wurina. Gobe zan kai wa alƙali duka labarin, in shaidi kaina. Za a kore ni daga aiki, wataƙila a ɗaure ni. Ki roƙa min gafarar Gaji. Yayanki mai kunya.

*

Yaya,

Gaisuwa. Alƙali ya maido da gonar, an tafi da Mailafiya Kano a ɗaure. Gaji ya rasu ran Alhamis, kafin in karanta masa takardarka. Kada ka zo ta'aziyya tukuna. In na iya kallon fuskarka zan aiko.

Hindatu.