Tsumman da Ba Shi da Wutsiya

Abbey Wood,
Litinin, 10 ga Yuni, 2024.

Ephraim,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya ƙafar? Ka gaishe mini da Chundung da yara. Gaisuwa wajibi ce a kaina shi ya sa na fara da ita, amma kada ka ɗauka zuciyata a sanyaye take.

Tunda ka yi blocking ɗina a waya, to ga takarda. Jiya ina zaune a coci, layi na huɗu, ka dogara sandunanka ka fito ba da shaida. Ka ce Allah ya cece ka ranar da injin jirgin da ka ƙera ya mutu a sama, ka faɗo gonar wani Bature a Essex. Na fi kowa ɗaga murya da amin. Sai ka ƙara da cewa mutum ya kula da hannun da yake ba wa aikin mai, wai wani hannun cike yake da ganganci. Ba ka kira suna ba, ai ba sai ka kira ba. Duk ikilisiya ta san shekara shida ina ƙetare kogi zuwa Dagenham kowace Asabar, ina kwanciya a ƙarƙashin jirgin nan a garejin bayan gidanka. Ni na ja tiyon mai daga tanki zuwa kafireta, ni na ɗaura filta, ni na matsa a sa famfo biyu, na inji da na lantarki, don in ɗaya ya gaza ɗayan ya karɓa. Mutane suka juyo suna kallona kamar na shigo da wuƙa. Matata Lovelyn ba ta ƙara ɗaga kai ba har aka tashi.

Haba Ephraim! Ni? Tare muka koyi aiki a garejin Oga Jang a Bukuru, a kwano ɗaya muke shan gwate. Shekara talatin da biyar ina riƙe da sifana, motar wa ta taɓa tsayawa a hanya saboda aikina?

Abu ɗaya nake nema. A gaban mutanen da ka ɓata mini suna, a gabansu za ka wanke ni.

Allah ya ƙara sauƙi.
Matiyu Rwang.

Abbey Wood,
Alhamis, 27 ga Yuni, 2024.

Ephraim,

Gaisuwa, da fatan ƙashin yana haɗewa, kuma iyali suna lafiya. Mu dai ga mu nan, yadda ka bar mu.

Ba ka amsa ba, amma amsarka ta iso ta bakin mutane. Dachung, wanda nake gyara wa mota tun zuwansa ƙasar nan, ya zo ya ɗauke ta daga garejina ko binciken lafiyarta na MOT ban gama ba. Dattawan ikilisiya sun ce wai in huta da kula da bas ɗin coci tukuna, saboda yara ke shiga. In huta! Sharon ta dawo daga Sunday school ta tambaye ni da Turancinta ko gaskiya ne na kusa kashe Uncle Ephraim. Ka ji abin da bakinka ya jawo mini, 'yata ta cikina.

An ce kana yaɗa cewa filtar babur na sa maka, ita ta toshe. Ƙarya ne, kuma ka san ƙarya ne, don kai ka yi odarta da hannunka, kwalinta ma yana kan kantarka. Tunda abin ya zama tone-tone, bari ni ma in tona. Sau nawa na roƙe ka a ɗaure wutsiyar jirgin a ƙasa, a rufe murfin tanki, a ba inji wuta na rabin awa kafin kowa ya tashi da shi? Ka ce ina da tsoro kamar tsohuwa. Minti biyar kake yi ka kashe, ka buɗe murfi ka tsoma sanda ka ga sauran mai, ka rufe, ka ce ya yi. Ranar da muka auna gudun mai a bokiti ma murfin a buɗe yake, don kana ta leƙe. Kai dai burinka ka tashi sama kafin bikin cikarka hamsin da biyar, a ɗauka a waya a tura Jos. Ga shi a minti na goma sha biyu inji ya yi tari ya mutu.

Tun muna samari haka kake. In abu ya yi kyau naka ne, in ya lalace sai a nemo Matiyu.

Dattijon Baturen nan na ƙungiyar masu ƙera jirage zai buɗe abin da ya rage na jirgin ranar Asabar ta sama, ya ce in zo. Zan je da sifanata. In hannuna ne, ni da kaina zan tsaya gaban coci in faɗa. In ba shi ba ne, ka shirya.

Ni ne dai,
Matiyu.

Abbey Wood,
Laraba, 10 ga Yuli, 2024.

Ephraim,

Ina gaisuwa. Na ji an cire maka filasta, na gode wa Allah, da gaske nake. Ka gai da Chundung.

Mun buɗe jirgin. Filta fes take. Famfo biyun duk suna aiki, tiyo babu tsaga ko ɗaya. Amma da muka kai ga tanki sai muka ga gefensa ya lotsa ciki, kamar robar ruwa da aka zuƙe. Na kwanta ƙasa na kama ɗan bututun nan da tanki ke shaƙar iska ta cikinsa, na sa baki na hura. Iska ta ƙi wucewa. Na lanƙwasa waya na zura, na jawo tsumma.

Kai makanike ne, ba sai na yi maka karatu ba. Mai yana fita, iska ba ta shiga, famfo ya yi ta ja har ya rasa abin ja. A ƙasa matsalar ba ta nuna ba saboda duk minti biyar kana buɗe murfi kana ba tankin numfashi.

Baturen ya yi ta juya tsumman yana mamakin wanda zai cusa ƙyalle a wurin nan. Ni ban yi mamaki ba. Na tuna Oga Jang da bel ɗinsa, yadda ya koya mana cewa duk bututun da za a bari a buɗe a toshe shi, don zanzaro kan cika shi da laka kafin kwana biyu. Amma dokarsa biyu ce: ka toshe da tsumma, ka bar wutsiyarsa tana reto a waje don ido ya gani. Mu duka muna bari. Mutum ɗaya ne a garejin nan yake tura tsumma da sukudireba har ya ɓace, wai wutsiya ƙazanta ce, kuma sau biyu ya sha bel a kan haka. Zanzaro a Dagenham, Ephraim! Ina ka taɓa ganinsa?

Ƙyallen rawaya ne mai zanen ganye, tsohon zanen Chundung da kake yagowa kana goge hannu. A watan Maris ka ɗora jirgin a tirela zuwa filin tashi, lokacin ina Barikin Ladi wajen jana'izar babana. Ran nan aka cusa shi, ba na nan.

Na bayyana wa Baturen zanzaro, ban ba shi suna ba. A takardarsa zai rubuta cewa bututu ya toshe, shi ke nan, kuma babu wanda zai karanta ta a cocinmu. Da na koma mota na kifa kai a sitiyari na yi kuka. Duk zafin da ka gani a wasiƙuna, wata guda ina tambayar kaina ko ni ne na kusa mayar da Chundung gwauruwa. Kai ka ɗora mini wannan, kuma ban yafe ba tukuna.

Baturen ya riƙe rabin tsumman, ɗaya rabin yana cikin ambulan ɗin nan. Ban nuna wa dattawa ba, ko Lovelyn ba ta gani ba. Ba zan tsaya gaban mutane in yi maka abin da ka yi mini ba. Ka kai shi ɗakin Chundung ka gwada da sauran zanen.

Ranar Lahadi ina layi na huɗu, ni da Sharon.

Abokinka tun Bukuru,
Matiyu Rwang.