Tsakar da ta mutu a kwamfutar rajista ba tawa ba ce

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Gudanarwa na ofishinmu,
Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da gajiyar aiki.

Sunana Sadisu, masinjan sashen rajista, wanda ke zuwa daga Jiwa kullum. Idan sunan bai faɗo maka ba, ni ne wanda ka taɓa kamawa a matakala ina kwaikwayon tafiyar direbanka, ka ce in daina, kana faɗa kana danne dariya. Yau mako bakwai ke nan da aka dakatar da ni daga aiki, bisa zargin na lalata kwamfutar rajista.

Ka yi haƙuri da na rubuto a fili inda kowa zai gani. Sau uku ina kawo takarda bakin get. Malam Tukur, shugaban sashenmu, ya aiko a gaya mini ba a karɓar wasiƙa sai an ba ta lamba, lamba kuma kwamfuta ke bayarwa, kwamfutar kuwa ita ce wadda nake kuka a kanta. Tsohon littafin rajista an kai shi sito tun zuwan na'ura. Ban ga wata ƙofa ba sai wannan.

Na farko, laifin da na yi, na amsa shi. Ina da tsokana, ban taɓa musu ba. Ni ne na manna salatif a ƙarƙashin maus ɗin Malam Tukur, ya yini yana jijjiga shi yana zagin kamfanin da ya ƙera. Ni ne kuma na sa tsakar roba a cikin fayil ɗin Mama Rifkatu, sakatariyarmu, ta buɗe ta kurma ihu ta haye kujera da takalminta. Da ta sauko ta bi ni da rula har bakin lif, daga baya ta zauna tana dariya har da hawaye, tana cewa ɗan nan sai ya kashe ta kafin ta yi ritaya. Da rana ta raba mini alalarta kamar yadda ta saba. Wannan duk na yi. Amma ban taɓa ɓata kayan aiki ba, kuma duk wasan da na yi, kafin a tashi nake tona kaina, don daɗinsa ke nan.

Na biyu, abin da ya faru ranar Litinin ɗin. Na riga kowa zuwa, na share, na goge tebura. Mama ta iso ta danna maɓallin injin da ke ƙarƙashin teburinta. Fankar cikinsa ta juya, injin ya yi ƙara sau uku kamar ɗan tsako, ya mutu. Can ya sake tashi da kansa, ya sake mutuwa. Sikirin baƙi ƙirin. Mama ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Sadisu, ɗana, gyara abin da ka yi, yau ba ranar wasa ba ce." Na rantse ban taɓa ba. Ofis ya fashe da dariya. Ranka ya daɗe, tun daga wannan dariyar al'amarina ya lalace, don kwana huɗu aka yi ba a kira mai gyara ba, ana jiran in gaji in tona.

Da na ga aikin Mama ya tsaya, fayil ya taru, na ce bari in gwada abin da na ga masu gyara suna yi. Na jona cajar wayata a soket ɗin, tana kawo wuta. Na cire wayar wutar injin na sa ta butar shayi, don bakinsu ɗaya. Bai canza ba. Na ɗaure wayar sikirin, mai shuɗin kai da kusoshi biyu. Na ɗauki sikirin ɗin na kai ofishin da ke kusa, na jona a injinsu, ya kawo tas. Na cire firinta da kibod da maus, na bar injin shi kaɗai. Na zare shi daga wuta na danne maɓalli har yatsana ya gaji, na mayar. Sau ɗaya tak, ranar Laraba, ya nuna farin rubutu layi biyu. Ni karatun allo na yi, Hausar boko ma a waya na koya, Turanci ba na ji. Sai na ɗauki biro na kwafe rubutun harafi-harafi yadda muke kwafe allo, ban kai ƙarshen layi na biyu ba ya ɗauke. Na ba Malam Tukur takardar, ya sa a aljihu. Ban sake ganinta ba.

Abu ɗaya ne ban yi ba: ban buɗe cikin injin ba. Akwai takardar sito manne a kan kusar bayansa, an ce duk wanda ya yaga ta ya ɗauki laifi. Na ji tsoro na bar ta.

Na uku, zuwan mai gyara. Ranar Juma'a aka kira Injiniya Bulus daga Jabi. A gaban mutum biyar ya yaga takardar nan da hannunsa, tana nan lafiya kafin ya taɓa. Ya zare murfi, ya haska fitilar wayarsa, sai ga tsaka ta bushe a manne da babban allon ciki, gefenta ya yi baƙi, wurin yana warin ƙuna. Wallahi a lokacin farin ciki na yi, na ce Allah ya wanke ni. Da na ɗaga kai sai na ga kowa ni yake kallo, babu mai dariya. Mama ta dube ni ta dubi tsakar, ta ce, "Ta roba ba ta ishe ka ba?" Tun daga ranar ba ta sake ce mini ɗana ba.

Injiniya ya faɗa a fili cewa ba yau ya fara ciro tsaka daga cikin inji ba, ɗumi suke bi. Ya nuna wata kafa a bayan injin, inda wani mai gyara ya taɓa cire wani abu bai rufe ba, yatsa biyu za su shige. Ya ce allon ya ƙone, amma yana kyautata zaton fayilolin suna nan a ma'ajiyarsu. Wannan duk ya faɗa. Ko layi ɗaya bai shiga rahoton kwamitin da aka kafa don bincikena ba.

Akwai kuma abin da ban so faɗa ba, don Mama ta ciyar da ni fiye da sau ɗari. Kowa a rajista ya san inda ake ajiye abincin rana. A kan injin ne, don kada ya huce. Kular Mama, ƙosan Malam Tukur, har nawa ɗan burodin, ni nake jera su da hannuna kowace safiya. Ɓurɓushi na zuba ta baya, kiyashi na bi, kyankyaso na bi, injin kuma jingine yake da bango a ƙarƙashin taga. Abin da ke cin kiyashi ba sai an aika masa goron gayyata ba. Idan wannan laifi ne, namu ne duka, ba nawa ni kaɗai ba.

Na huɗu, kwamitin. Malam Tukur ne shugaba, shi ne kuma mai ƙara. Wani abokin aiki ya karanta mini rahoton ya fassara. An rubuta cewa an gan ni kwana uku a ƙarƙashin tebur ina cire wayoyi. Gaskiya ne, gyara nake nema. An rubuta cewa wanda ya san kan wayoyi haka shi zai san yadda ake ɓata su. An rubuta cewa na saba kawo tsaka ofis, ba a ce ta roba ba. Na ce takardar sito fa? Aka ce ta kafar baya na tura. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, aka ce nan ba kotu ba ce. Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin mutumin da ya kama tsaka da rai, ya shigo da ita ta gaban masu gadi, ya lallashe ta ta shiga rami ta kwanta daidai inda wuta take? Da ina da wannan baiwar da ba masinja nake ba.

Ba ni da takardar makaranta. Wannan aikin aminin mahaifina marigayi ne ya sama mini, shi ma ya rasu. Babu ofishin da zai sake ɗaukar mai karatun allo a garin nan, na sani. Mahaifiyata har yanzu tana goge mini rigar aiki ranar Lahadi, don ce mata na yi hutu aka ba mu. Jiya na ji an kawo sabon masinja, ƙanin matar wani.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A kira Injiniya Bulus a rubuta maganarsa yadda ya faɗa. A tambayi mutum biyar ɗin nan ko takardar sito a yage take. A nemo ɗan rubutun da na kwafa, ko mai ilimi zai gane wani abu a ciki. A sa hannu a gyara injin, don Mama ta samu fayilolinta kafin ita ma a juyo kanta; na ji takardar neman izinin gyaran ma tana jiran lamba. A toshe kafar nan, a sauke abinci daga kai. In da hali a mayar da ni. In babu, a cire kalmar ɓarna daga sunana, in tafi tashar Jabi neman dako da fuskata a sake.

Ban sa rai sosai ba. Shekara huɗu na yi ina kai fayil ofishinka a hawa na uku, na san inda irin takardata ke kwana. Duk da haka na bar ambulan a wurin maigadi da sunanka a kai. Tsakar robar ce a ciki, tana nan da ranta irin na roba, a ajiye ta kusa da wadda ta ƙone a ga bambanci. Ba na bukatarta kuma. Idan ambulan ɗin ya biyo ta rajista, don Allah a gaya wa Mama abin da ke ciki kafin ta buɗe. Wannan karon na tona tun kafin a tsorata.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare ka daga ranar da za ka faɗi gaskiya a yi dariya. Allah ya ba Mama ritaya lafiya.

Wassalam, daga masinjanka na da,
Sadisu, Jiwa.