Siririn Bututu a Ƙirjin Kawu Sale

Daren Talata, tsakiyar damina

Da la'asar aka kawo Kawu Sale a amalanke, sa ya soke shi da ƙaho a haƙarƙari yana cikin noma a hawasharsa, wato gonarsa ta ban-ruwa. Jini ya taru a ƙirjinsa, numfashi da ƙyar. Irin wannan jinin bututu mai kauri yake so, domin gudaji yakan toshe siriri. Na birkice durowar asibitin nan kaf, ban samu komai ba sai siriri guda, na fitar da iska.

Na ce a kai shi babban asibitin Sinnar. Direban motar asibiti ya ce taɓo ya cinye hanya, ko tarakta ba ta fita. Dole na sa abin da nake da shi.

Matarsa Inna Hajara ta dubi robar ta ce, "Ɗana, ka zaɓa mashi ƙaramin don kada ya wahala. Allah shi yi maka albarka." Na ce amin. To me zan ce?

Ya toshe, na wanke, ya sake toshewa. Ruwa kuma bai ɗauke ba. Gobe duk gari za a ce ina da tausayi. Ni dai roƙona ɗaya, kada jinin nan ya daskare kafin hanya ta bushe.