Ranar da Aka Yi wa Inna Ta'aziyyata

Cheras, Kuala Lumpur
Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Malam Datti,

"Zubaidatu, ki bar Zaid ya tafi Cyprus. Da an gama zaɓen Amurka za a koma teburin sulhu, arewacin tsibirin da kudancinsa su haɗe, yaro ya wayi gari a Turai bai taka teku ba. In shekara biyu ta cika ba a yi ba, ni da ƙafata zan je in dawo miki da shi."

Maganarka ce ta watan Oktoban 2020. Daga wayata na kwafo ta, ko wasali ban ƙara ba. Shekara biyun ta cika, ta kuma sake cika.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya ciwon gwiwa? Yaya littafin da ya ɗauke ka daga gidanka ya ajiye ka a ɗakin Titiwangsa wata biyar ke nan? 'Yarka Khaulah tana gaishe ka, da Turanci kamar yadda ta saba. Ka ce ba ka son saƙon murya, wai abin da ba a rubuta ba hayaniya ce. To ga shi a rubuce, na sa a ledar kular abincinka.

Ranar Alhamis an yi wa mahaifiyata ta'aziyyata.

Uwar Ɗan'azumi ce, ta bayan layinmu a Gwammaja, ta shiga wajen Inna Ɗelu da mata biyu. Suka zauna a tabarma suka yi addu'a, suka ce Allah ya jiƙan Zubaidatu, ai sai yanzu labari ya iso musu. Inna tana da shekara saba'in da takwas da hawan jini. Daga zaune ta kife. Da ta farfaɗo aka kira ni ta bidiyo, ta sa na ɗaga hannu, ta sa na faɗi sunan kakata, sannan ta yarda ni ce. Har yau bakinta bai koma daidai ba, cokali ma sai an riƙe mata.

Na tambayi matar inda ta samo mutuwata. Ta ce ɗanta Ɗan'azumi yana masaukin masu neman mafaka a kudancin Cyprus, ɗaki ɗaya da yaron nan. Shi ya ji da kunnensa yaron yana gaya wa hukuma cewa 'yan bindiga sun kashe uwarsa a hanyar Kaduna, ubansa kuma ba a san inda yake ba.

Masaukin masu neman mafaka, Malam. Kai ka ce mini makarantarsa ta arewacin Cyprus ta rufe, ya samu gurbin karatu a kudu. Wata takwas ban ji muryarsa ba. In na yi zancen sai ka ce jarrabawa, sai ka ce ya gaishe ni. Ni kuwa ban matsa ba, kuma ka san dalili. Ɗan fari ne. Shekara ashirin da uku ban kira sunansa ba, ban ɗauki waya na neme shi don kaina ba, sai dai in tambaye ka. Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka aka koya mini. Ranar da muka raka shi filin jirgi, wata 'yar Malay tana kusa da mu rungume da ɗanta, tana kuka kamar ranta zai fita. Ni na ce masa a yi karatu, na juya. A banɗakin filin jirgin na yi nawa kukan, da famfo a buɗe.

Kwana uku ke nan abu ɗaya nake juyawa. Ko yaron nan ya ga uwar da ba ta taɓa kiran sunansa ba, kashe ta a takarda ba wani abu ba ne? In haka ne, ni na jawo. Amma kai mahaifinsa ne, da kai yake magana. Ka gaya mini abin da ka sani, kuma tun yaushe.

Allah ya ba ka lafiya.

Matarka,
Zubaidatu

Cheras
Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Malam,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Na ga ka cinye tuwon, alhamdulillahi, bakin cin abinci bai mutu ba. Amsarka ma ta zo a gindin kula, layi biyu: in yi haƙuri zuwa Talata, da an yi zaɓe abubuwa za su canza.

Na janye zargin da na yi wa kaina.

Ka manta tsohuwar kwamfutarka tana nan ƙarƙashin gado, ka kuma manta wa ya sa mata kalmar sirri. Shafi shida na tarar, an rubuta su a watan Fabrairu, da sunan yaron nan a sama. Ko babu suna zan gane mai su. Ni na buga kundin digirinka na uku, shafi ɗari uku da goma, da goyon Khaulah a bayana. Na san jimlarka kamar yadda na san tarinka. Yaron da bai iya rubuta wa kakarsa layi huɗu ba, ba shi zai buɗe sakin layi uku da kalmar da kake buɗe kowace lacca da ita ba.

Ka iya kisa, Malam. Ka sa ni a motar haya, ka ba ni kujerar taga. Ka sa an tare mu bayan la'asar. Ka bar gawata kwana biyu a daji, ka ce ba a gane fuskar ba, sai da tabon ƙuna a hannun hagu. Tabon da na samu ina soya naman walimar digirinka. Da ka rasa abin da za ka shaida gawata da shi, sai ka ɗauko ladan hidimarka.

Kai kuwa ba ka mutu ba. Ba a san inda kake ba kawai. Ko a ƙarya ba ka iya kashe kanka ba, ka bar wa kanka ƙofar dawowa.

Na ga takarda ta biyun ma, wadda ka rubuta a kan takardar jami'a mai tambari, a matsayin masani, kana tabbatar da cewa labarin wannan matashi ya dace da abin da ke faruwa a yankin. Ka sa hannu da sunan Dakta Maitama, yaron kuma da sunan Datti yake amsawa, don haka ba mai haɗa ku. Akwai matan da aka kashe da gaske a wannan hanya. 'Yar ajinmu ɗaya tana cikinsu. Ka ari kabarinsu ka saka ni.

Yanzu zancen Talata. Na karanta maƙalarka ta makon jiya. In macen ta ci zaɓen Amurka, za ta matsa wa Turkiyya ta koma tebur. In namijin ya ci, ɗan kasuwa ne, zai ƙulla ciniki saboda iskar gas ɗin da ke ƙarƙashin teku. Ko ta ina sulhu na tafe, in ya zo kuma za a yafe wa duk baƙon da ke tsibirin. Mai duba na Kurmi ma yakan bar wa kansa hanyar kuskure, kai ba ka bari ba.

Bari in tuna maka babi na huɗu na kundinka, tunda ni na buga shi. An raba tsibirin a 1974, Turkawa a arewa, Girkawa a kudu. Daga nan zuwa yau Amurka ta yi zaɓen shugaban ƙasa sau goma sha biyu, waya mai ƙaya tana nan inda take. A 2004 an kai takardar sulhu gaban jama'a, arewa ta ce e, kudu ta ce a'a. A 2017 an zauna a Switzerland, aka tashi baram-baram. Kai ka rubuta cewa babbar ƙasa ba ta gyara abin da lalacewarsa ba ta hana ta barci. Na tuna har na ce maka jimlar ta yi kyau. Wanda ya rubuta wannan bai yi imani da Talata ba. Kana dai jin kunyar a ce masanin Cyprus ya jefa ɗansa a rami a Cyprus, shi ya sa kake sayen shekara huɗu-huɗu da rayuwar yaro.

A ce ma sun shirya. A ce ranar Laraba Girkawa da Turkawa sun rungumi juna. Gidaje za su raba, da filaye, da kujeru. Wa zai ɗaga kai ya tambayi Bahaushe a gadon sama na ɗaki mai mutum takwas? Jiran gawon shanu ka sa shi, ka kuma kashe masa uwa don kada ta kira shi gida.

A gaida littafi.

Zubaidatu

Cheras
Alhamis, 7 ga Nuwamba, 2024

Malam Datti,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ba sai na tambayi gwiwa ba, na gan ka jiya a waya kana hawa dandamalin taron jami'a ba ko ɗingishi. Babbar rigar ta yi maka kyau. Ni na goge ta.

An yi zaɓe, namijin ya ci. Na saurare ka har ƙarshe. Ka ce a ba sabuwar gwamnati wata shida zuwa shekara. Aka tafa. Wata ɗaliba ta tambaye ka ko ka taɓa zuwa tsibirin, ka yi dariya ka ce kana da ɗa a can yana karatu.

Shekaranjiya na karɓi lambar Ɗan'azumi wajen uwarsa. Na kira, na roƙe shi ya miƙa wa yaron nan. Na yi sallama. Ya gane ni, na ji numfashinsa ya canza. Akwai mutane kusa da shi, ina jin hayaniyarsu. Na buɗe baki in kira shi, sunan ya tsaya mini a wuya, shekara ashirin da uku sun danne shi. Sai ya ce da Turanci ba wannan lambar ba ce, bai san mai magana ba. Ya kashe.

Ban ji haushinsa ba. Umarninka yake bi, tun yana ƙarami bai taɓa tsallake maganarka ba, shi ya sa ya hau jirgi, shi ya sa ya tsallaka waya mai ƙaya, shi ya sa ya binne ni.

Yau da safe na hau jirgin ƙasan MRT na sauka Brickfields. Na ɗauki hoto riƙe da jaridar yau, hannun hagu a gaba, tabon ya fito sosai. Daga nan na hau bene wajen mai rantsar da mutane, wani tsoho Ba'indiye. Ya karanta abin da na rubuta, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa rantsar da wanda ya zo shaida bai mutu ba. Ya tambaya ko na tabbata. Na ce boleh, wato e da yaren Malay, ya buga hatimi. Na sauko na sha shayi a shagon mamak ɗin da ke ƙasan benen, ya yi mini daɗi kamar ban taɓa shan shayi ba.

Ambulan biyu ne a jakata. Ɗaya ta ofishin da ke duba ƙarar yaron nan: rantsuwata, hotona, kwafin fasfona. Ɗaya ta shugaban tsangayarku: takardarka mai tambari, da takardar haihuwar yaron, inda sunanka ya fito cikakke, Datti Maitama.

Kada ka ɗauka ban san abin da ta farkon za ta yi ba. Za su ƙi shi. Za su rubuta shi maƙaryaci, su sa shi a jirgi, wataƙila da ɗan sanda a gefensa, Turai kuma ta rufe masa. Shekara huɗunsa ta tafi a banza, kuma zai ce ni ce. Mai yiwuwa ya shekara goma bai gaishe ni ba. Na auna, na ɗauka. Gara ya tsane ni ina ganinsa yana cin tuwo, da ya so ni ina cikin kabarin da ka haƙa.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma a hannunka take. Suna da tsarin mai son komawa gida da kansa: ya janye ƙara, ya sa hannu, ya fito da mutuncinsa. Ni in na faɗa ba zai ji ba, ai matacciya ce. Kai zai ji. Ka kira shi ka ce ka yi kuskure. Kalma uku ce, Malam, ka rubuta dubu ɗari ba ka taɓa haɗa su ba. Sannan ka kira Inna ka gaya mata da bakinka wa ya aiko mata da masu ta'aziyya.

Na ba ka zuwa Juma'a ta sama, 15 ga wata, a sauko daga masallaci. In an sauko ban ga hoton takardar da ya sa wa hannu ba, ƙarfe uku ina gidan waya, ambulan biyu za su tafi tare. Kada ka aiko abokanka su ba ni haƙuri, duk wanda ya zo zan ba shi shafi shidan ya karanta a tsaye.

Ko ka kira ko ba ka kira ba, ni da Khaulah za mu tafi Kano da ta gama jarrabawa. Ba na neman takardar saki. A lissafinka na rasu tun bara, aure kuwa mutuwa ta raba. Kular nan da ka buɗe ka tarar ba komai sai wasiƙa, ba mantuwa na yi ba. Ka riƙe ta.

Duk jirgin da ya kawo shi, zai tarar da ni a bakin ƙofar fitowa. Ko ya kalle ni ko ya kau da kai, a gaban 'yan ɗaukar kaya da jami'ai da duk wanda Allah ya tara, zan ɗaga murya in ce Zaid. Ka ga na rubuta. Tun jiya nake gwada faɗinsa a kicin, ya fara fita.

Wassalam.

Marigayiya matarka,
Zubaidatu