Mai Kwalekwale a Babi na Bakwai

Rajshahi, farkon watan Mayu

Zuwa ga uwata Shiuli,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da mijinki da jikana Tuhin sarkin ɓarna. Yaya garin Khulna, yaya aikin makaranta? Ni lafiya lau, in ban da gwiwar nan da barcin da ya yi mini yaji. Kada ki ce me ya hana ni kira. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga wa wasiƙun mutane hatimi ba zai saki takarda da tsufa ba.

Na sayi littafin nan mai koren bango da kika matsa mini, wanda kika ce zai koya mini kwanciyar hankali. Ban je babban kanti ba, a shimfiɗar littattafan Nitai ta bakin titi na same shi da araha. Na kuma san dalilinki. Tun da matar baffanki Moazzem ta aiko cewa ciwon suga na cinye masa ido, kuma yana cigiyata, kin lura na rasa sukuni. Ni kuwa ban taka gidansa ba tun ranar da ya sare mangwaron da kakarki ta dasa da hannunta, wai don ya gina shago. Shago fa! Ƙanen da na goya a bayana.

Ga ra'ayina tunda kin nema. Marubucin nan surutu ya yi masa yawa. Wai in riƙa tashi da sassafe, ni da nake sallar asuba tun ba a haifi ubansa ba. Wai in dubi madubi in ce ina son kaina. Na gwada, Rohima mai yi mini girki ta shigo ta tarar da ni, ta tambaya ko a kira likita.

Amma babi na bakwai ya ɗaure mini kai. A ƙarshen na shida ya yi alkawarin faɗin abin da za a yi da mutanen da suka ɓata mana rai. Na gyara tabarau. Ina juya shafi sai rubutun ya ƙanƙance, sai ga wani mai kwalekwale wai shi Horen yana liƙe ɓular jirginsa da kwalta, ruwan kogi na ta hauhawa. Ko "ga misali" bai ce ba. Ashe shi ma Horen yana da ƙane a hayin kogi, sun yi shekaru ba sa ga maciji. Mutumin da jiya yake koya mini shan ruwan ɗumi, yau ya sa ina jin ƙanshin laka a hancina. Ke me kika fahimta da Horen ɗin nan?

Ki sumbaci Tuhin a goshi.

Mahaifinki,
Tofazzal Mridha

Rajshahi, ƙarshen watan Mayu

Uwata Shiuli,

Gaisuwa irin ta uba da 'yarsa. Ina fata tarin Tuhin ya lafa. Nan mangwaro ya fara nuna, zafi kuwa sai addu'a.

Wasiƙarki ta iso, ta kuma ƙara rikita ni. Kin rubuta, "Abba, wane Horen?" Shiuli, anya kin karanta littafin nan, ko bangonsa kika gani a hannun wata malama? Rabinsa fa Horen ne! Sai da na koma na duba bango: kore ne, ga hoton mutumin yana murmushi da haƙoransa duka.

Na kai ƙara rumfar shayin Nurul. Abokina Sobhan, tsohon malamin lissafi, ya jujjuya littafin ya ce, "Tofazzal, kai dai ka tsufa. Salon zamani ne. Marubutan yanzu ba sa cire maka ƙayar kifi, kai za ka tauna ka tofar." Na ce to ina ma'anar? Ya ce ma'anar ita ce rashin ma'anar. Nurul ya leƙo ya ce, "Dattawa, tun safe kofi ɗaya kuke tsotsa. Littafin bai ce a ƙara ba?"

Na gama shi shekaranjiya, in dai gamawa ce. Ruwa ya ci ƙauyen hayin, Horen ya ji labari, ya zauna yana zagin ƙanensa har shinkafarsa ta huce. Sannan ya tashi ya tura jirgi. Ya sha wuya kafin ya haye, ya isa gidan ruwa iya gwiwa, ya ƙwanƙwasa. Layin ƙarshe ya ce, "Daga ciki aka ji motsi, sai". Shi ke nan. Shafi na gaba tallan littafin cin jarrabawa ne.

Ban san ko in yi fushi da marubucin ko in jinjina masa ba. Abin da na gane kawai, ya yi alkawarin gaya mini yadda zan yi da wanda ya ɓata mini rai, sai ya nuna mini mutum a bakin ƙofa. Tsoro nake ji, uwata. In na je Moazzem ya ƙi buɗewa fa? In kuma na jira har idon ya tafi bai ga fuskata ba?

Allah ya yi miki albarka.

Abbanki

Rajshahi, watan Yuni

Uwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutan gidanki. Damina ta sauka, gwiwata ce ta fara sanar da ni.

Na je. Kafin amsarki ta zo na je. Na hau keken haya, na sauka gaban shagon nan ban ko kalle shi ba. Moazzem na zaune a baranda, ya rame, idon dama ya tafi, na hagu sai inuwa. Ban yi sallama ba tukuna na yi tari, sai ya ce, "Yaya, har yanzu ba ka bar taba ba?" Bai ba ni haƙuri kan mangwaron ba, ni ma ban yafe da baki ba. Matarsa ta kawo shayi tana share hawaye da gefen zanenta na sari.

Da na dawo na tarar da wasiƙarki. Kin ce a naki littafin babi na bakwai cewa ya yi a sare irin waɗannan mutane daga rayuwa kamar busasshen reshe, kuma abin da kika so in karanta ke nan don in samu barci. Na san tausayina kika ji. Amma sara, Shiuli? A gidanmu an riga an yi sara ɗaya.

Na koma wa Nitai. Ya buɗe tsakiyar littafin ya kwashe da dariya. "Baffa, masu ɗinkin littafi ne suka haɗa maka biyu, rabi nasiha rabi labari. Kawo in canja maka." Na ce wane labari ne, ya ƙare yaya? Ya ce shi sayarwa yake, ba karatu ba. Ban ba shi ba. Abin da ke damuna yanzu, wani bawan Allah na can ya fara da mai kwalekwale, ya ƙare da a sare ɗan'uwa.

Kullum bayan la'asar ina zuwa in karanta wa baffanki, tunda shi ba ya iya gani. Nasihar muka tsallake. Jiya muka kai inda Horen ya ƙwanƙwasa ƙofar. Na tsaya a nan, ya ce, "Sai me? Ya buɗe?" Na dubi tallan jarrabawar, na gyara murya, na karanta masa cewa ƙanen ya zare sakata, ya ce wa Horen ya shigo kada ruwa ya tafi da shi.

Moazzem ya laluba ya kama hannun rigata ya ce, "Yaya, tun muna yara muryarka ta karatu daban take da ta ƙarya. Amma ci gaba."

Don haka ki taimake ni, ke da kike karanta labarai. Gobe yana jiran babi na gaba, ni kuwa ban san me 'yan'uwa ke cewa bayan an buɗe ƙofa ba.

Naki har kullum,
Abba