Hannuna Yana Nan

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka da ta iyali, yaya Kumasi? Mu a Gwandu sai godiya.

In ka ji cewa injin yankan ciyawar da nake tuƙawa ya cire mini hannu, kada ka yarda. Ran Asabar na juye baƙin mai, na shiga ƙarƙashi in kwance wuƙarsa don wasawa, sai itacen da na tokare shi ya goce. Kafaɗa kawai ya ƙuje mini.

Da jita-jitar ta isa gare ta, Inna ta taso daga Kalgo bisa jaki tana kuka. Ta laluba yatsuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. To, ba ni ruwa in sha."

A sa mu a addu'a. Gaishe da maiɗakinka da yara.

Ƙaninka,
Umaru