Yayana Ya Kira Dokin da Bai Ci Ba

Zuwa ga Dattijo Everett,

Ina roƙonka shawara, domin abin da ke damuna ba na iya faɗarsa a gida. Shekara ashirin da shida ke nan ina shugabantar wurin da kakanmu ya kafa a nan Kentucky: filin sukuwa, da otal mai ɗaki tamanin, da bargar dawakai. Na sallami ma'aikata da dama ban ji ɗar ba. Wannan kuwa yayana ne.

Shi ne mai shelar sukuwa. Yakan zauna a wani ɗaki can saman rumfar 'yan kallo da madubin hangen nesa, yana faɗa wa jama'a ta lasifika dokin da ke gaba. Daga can ba a ganin lambar doki sosai, da launin rigar mahayi ake gane doki. Ranar Asabar ya ɗauki shuɗiyar riga koriya ce, ya kira dokin da ya zo na huɗu ya ce shi ya ci. Mai dokin, wani tsohon manomi da bai taɓa ci ba, ya sauko da matarsa da jikokinsa a ɗauke su hoto, sai da alƙalai suka mayar da su a gaban mutum dubu uku. Kuskure na uku ke nan tun bazara.

Da mahaifinmu ya tsallake shi ya ba ni shugabanci, bai yi ƙorafi ba. Cewa ya yi, "Ke riƙe ƙasa, ƙanwata, ni sama ta ishe ni." Tun ranar ban taɓa hawa matakala sittin da biyun da ke kaiwa ɗakinsa ba, shi ma bai taɓa leƙa ofishina ba. 'Ya'yana sun dage in ɗauko wani mai shela daga Ohio kafin babbar sukuwar lokacin kaka, saura mako biyar. Da na taɓo zancen muna cin abinci ranar Lahadi, dariya ya yi ya ce madubin ne ya tsufa, ba shi ba. Madubi na uku ke nan da ya saya a bana. Yaya zan yi in karɓe masa abu na biyu?

Ƙanwa Mai Riƙe da Ƙasa

Baiwar Allah,

'Ya'yanki ba su yi ƙarya ba. Jama'a na zuwa filinku ne don sun yarda da abin da lasifika ta faɗa, kuma manomin nan ya cancanci ki je har gonarsa ki ba shi haƙuri. Amma ɗauko wani ba da sanin yayanki ba cin mutunci ne da ba zai gyaru ba.

Wanda ya sayi madubi uku a shekara guda ya san ba madubi ba ne. Tsoro yake ji, ba taurin kai ba ne. Kuma ban ga inda kika ambaci likita ba. Rikita kore da shuɗi yakan zo daga yanar ido, abin da sau da yawa ake cirewa mutum ya koma aikinsa. Ni ba likita ba ne, amma kada ki yanke hukunci kafin a duba shi a wannan makon.

In an ce ba zai gyaru ba, to ba shi zai yi shelar sukuwar kaka shi kaɗai ba, wannan kam ki faɗa masa ƙarara. Amma shi zai zaɓi magajinsa, shi zai zauna kusa da shi ya koya masa, kuma da bakinsa zai sanar da jama'a.

Abu ɗaya ya rage. Kada ki aika a kira shi ofis, kada kuma ki sake tayar da zancen a gaban iyali. Shekara ashirin da shida yana kallonki daga sama kina gudanar da abin da ya haƙura ya bar miki. Gobe, kafin a buɗe ƙofa, ki hau matakalar nan sittin da biyu, ki ƙwanƙwasa, ki jira sai ya ce ki shigo.

Allah ya buɗe idonsa, ya bar ku tare.

Everett